Ina Ungulu Ta Shiga?

Duk wanda ya san mahautar garinsu a shekarun baya, lokacin da ungulaye kan yi sahu bisa katanga suna jiran mahauta su gama fiɗa, idan ya koma yau ya tarar da katangar wayam, lalle ya kamata hankalinsa ya tashi, domin kuwa Ubangiji, cikin hikimarsa, bai halicci wannan tsuntsuwa a banza ba, duk da munin da muke jingina mata. Ita ce ke cinye mushe kafin ya ruɓe ya haifar da annoba, kuma ba ta neman lada.

Mutanen Indiya sun ɗanɗana kuɗar rashinta. Wani maganin dabbobi mai suna diclofenac, wanda ke saura a naman shanun da suka mutu, ya hallaka fiye da kashi 90 cikin ɗari na ungulayensu, har gwamnati ta haramta shi a 2006, amma kafin nan karnukan sake sun mamaye mushen, ciwon haukan kare ya yawaita. A nan kuwa, abin takaici, da hannunmu muke yi: ana kama ta, a sayar da kanta da ƙwanta ga masu tsibbu, bisa zaton za su kawo arziki.

Wannan fasadi ne a bayan ƙasa, kuma cin amana ne. Muna roƙon malamai su faɗakar a kan mumbari, sarakunan pawa kuma su hana kama ta a mahautunsu.