Baƙin Kifaye a Bahar Rum

A darasin labarin ƙasa an koya mana cewa mashigin Suwez, wanda aka buɗe a Masar a 1869, ya rage wa jiragen ruwa wahalar zagaya Afirka. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, ba jirage kaɗai ke bi ta wurin ba. Kifayen Bahar Maliya ma sun samu hanyar shiga Bahar Rum, ba fasfo ba biza.

Da farko tafkuna masu tsananin gishiri da ke tsakiyar mashigin sun zame musu shinge. Da tafiya ta yi tafiya gishirin ya ragu, ruwan Bahar Rum ya ƙara ɗumi, sai baƙi suka yi ta kwarara.

Mu ɗauki wanda masana ke kira Lagocephalus sceleratus, ɗan'uwan talibamban ɗinmu na kogi, mai kumbura ciki idan ya ji tsoro. An fara tabbatar da ganinsa a Bahar Rum a 2003, a gaɓar Gokova ta Turkiyya. Yau ya addabi masunta har Girka da Kubrus: yana yaga koma da haƙoransa, ya cinye kamun da ke ciki. Hantarsa da ƙwansa kuma na ɗauke da guba mai shanye jiki har numfashi ya tsaya, dafuwa ba ta kashe ta. Abin ya kai gwamnatin Turkiyya na biyan masunta kuɗi a kan kowace jelarsa da suka kawo.

To amma mu lura, 2003 ɗin nan ba lallai ita ce shekarar da kifin ya shigo ba. Shekara ce da wani ya kama shi, ya auna shi, ya ƙirga ƙayoyin fuka-fukansa, ya rubuta wuri da rana, ya adana shi don wasu su duba. In babu wannan, labari ne kawai na bakin ruwa. A ganinmu nan ne aikin yake, kuma galibi masunci ne ke fara cewa "wannan ban san shi ba", kafin malamin jami'a ya zo da ma'auninsa.

Ganin farko kuma ba ya nufin baƙon ya zauna. Kifin zaki, mai ƙayoyi masu dafi, an kama guda ɗaya kusa da Haifa a 1991, daga nan shiru. Sai a 2012 ya sake ɓulla a gaɓar Labanan, cikin 'yan shekaru ya cika ruwan Kubrus.