Mari Ba Ya Maganin Taɓin Hankali

Jama'ar Arewa mazauna Kurmi, an daɗe ana wani abu da ya kamata a duba. Da zarar yaro ya fara surutai shi kaɗai a Agege ko Sabon Ibadan, sai a sa shi a mota a mai da shi gida Lafiya, a ce iska ce. A can kuma sai mari da bulala da hayaƙi. Wannan kuskure ne babba.

Likitoci sun gano ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin halitta masu kai saƙo wajen biliyan 86, akwai kuma wasu kusan yawansu masu yi musu hidima, ana ce da su giliya. Wani Bajamushe, Rudolf Virchow, shi ya raɗa musu sunan a 1856, yana zaton danƙo ne kawai mai riƙe ƙwaƙwalwa. Ashe ma'aikata ne. Wasu suna ciyar da masu kai saƙon, wasu suna naɗe su kamar robar wayar lantarki, wasu kuma suna yanke mahaɗar da ba a bukata.

A 2016 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka suka samo alamar cewa a wajen masu ciwon nan na jin muryoyi, yankan yakan wuce kima. Manomin doya a Lafiya ya san ɓarnar ɗan ƙodagon da ya haɗa ciyawa da yabanya ya nome. Wannan aikin yanka yana tsananta ne lokacin samartaka, lokacin da ciwon ya fi bayyana.

To, ina laifin yaro a nan? Ciwo ne a jiki kamar ciwon sukari, bulala kuwa ba ta kai wa ga ƙwaƙwalwa sai dai ta ƙara ɓarna. Addu'a ba ta hana shan magani.

Tun 1954 Dokta Lambo ya nuna a Aro ta Abekuta cewa majinyaci ya fi samun sauƙi in danginsa na kusa da shi. Asibitin yana nan, haka na Yaba a Ikko, da na Barnawa a Kaduna. A 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar kare haƙƙin masu taɓin hankali, ta maye gurbin ta 1958.

Saboda haka sarakunan Hausawa na zango-zango su gargaɗi jama'arsu: kafin a biya kuɗin mota zuwa gida, a fara ganin likita. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.