Kafin ka tura bidiyon "maganin ƙara garkuwar jiki", tsaya ka ji

A guruf ɗin WhatsApp na danginmu na Gumbin Kure, da wuya mako ya ƙare ba a turo bidiyon magani ba. Na makon jiya ne ya hana ni barci. Wani mutum ne sanye da farar riga irin ta likitoci, ya riƙe gora, yana rantsuwa cewa abin da ke ciki yana ƙara ƙarfin garkuwar jiki har ya narkar da ciwon daji. Ya ce ai Turawa ma yanzu da garkuwar jiki suke warkar da kansa, har lambar yabo aka ba su. Wanda ya turo ya rubuta a ƙasa: "A yaɗa saboda Allah."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, mutumin bai yi ƙarya tsantsa ba. Ya ɗebi gaskiya cokali ɗaya ya zuba cikin tulun ƙarya, kuma irin wannan haɗin ne ya fi saurin shiga kunne. Na san farashinsa. Goggona ta ji ƙulli a mamanta, ta ɓoye saboda kunya, sannan ta share watanni tana shan irin wannan gorar. Duk wanda ya ce a tafi asibiti sai ta ce, "Ku bari, shina aiki." Ranar da aka kai ta Sakkwato, likita ya duba ya ce an makara. Allah ya ji ƙanta.

To ɗan'uwa, 'yar'uwa, ni ba likita ba ne, aikin jarida nake karanta. Amma abu na farko da aka koya mana shi ne ka bi labari zuwa tushensa. Na bi wannan, ga abin da na tarar.

Gaskiya ne, a shekarar 2018 an ba James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan lambar yabo ta Nobel kan magance kansa ta hanyar garkuwar jiki. Sai dai abin da suka gano ya sha bamban da abin da mai gora ke faɗi. A jikinka akwai wasu ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T, su ne sojojin da ke farautar duk ƙwayar da ta kauce hanya su kashe. Soja mai ƙarfi haka, in ba shi da linzami, zai iya juyowa ya afka wa jikin da yake gadi. Don haka Allah ya halicce su da birki. Honjo ya gano wani birki mai suna PD-1 a 1992, Allison kuma ya yi aiki kan wani mai suna CTLA-4. Wayon ciwon daji shi ne ya koyi taka wannan birkin. Sojan zai iso har bakin ƙarin, ya ga abokin gaba ido da ido, amma ya kasa ɗaga hannu. Magungunan da aka samar, irin su ipilimumab da aka amince da shi a Amurka a 2011 da pembrolizumab a 2014, aikinsu su ɗage ƙafar ciwon daga kan birkin.

Ka ga bambancin? Matsalar sau da yawa ba rashin sojoji ba ce. Suna nan, an ɗaure su ne. Motar da aka danne birkinta, ko ka cika mata tanki da mai ba za ta bar tashar Jega ba.

Ta yaya masana suka san abin da ke faruwa a cikin ƙari har haka? Nan ne wurin da ya fi burge ni, kuma nan ne mai gora ba zai taɓa kai ka ba. Kusan kowace ƙwaya a jikinka tana ɗauke da littafin gado iri ɗaya, mai umarni wajen dubu ashirin. Amma ba kowace ke karanta dukan littafin ba. Ta ido tana buɗe wasu shafuka, ta hanta tana buɗe wasu. Idan ka san shafukan da ƙwaya ta buɗe a yanzu, ka san aikin da take yi da halin da take ciki. A da, in masana suna son sanin haka sai su yanki tsokar ƙarin su markaɗa gaba ɗaya su auna. Kamar ka kai tattasai da tumatir da albasar Aliero inji: za ka ji ɗanɗano, amma ba za ka iya nuna wace albasa ce ta ruɓe ba. Yanzu an samu hanyar ware ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, a karanta shafukan da kowace ta buɗe. A 2016 wasu masana a Amurka suka yi haka da ƙwayoyi 4,645 daga masu kansar fata 19, kuma daga nan irin wannan bincike ya yi ta yawaita.

Abin da aka gani ya canza tunanin mutane. Ashe ƙari ba dunƙulen mugun nama ba ne kawai, gari ne guda mai jama'a iri-iri. Akwai sojojin T da suka yi yaƙi har suka galabaita, kuma shafukan da suka buɗe suna nuna gajiyar ƙarara, birki kan birki. Akwai wasu ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye datti waɗanda ciwon ya saye, suka koma taya shi shimfiɗa jijiyoyin jini da kwantar da sauran sojoji, wato 'yan leƙen asiri a cikin gida. Akwai ƙarin da sojoji suka cika shi, masana na ce masa mai zafi, akwai wanda ya yi wa kansa katanga ba sojan da ya shiga, shi ne mai sanyi. Maganin ɗage birki ya fi aiki a mai zafi. A mai sanyi kuwa, wa za ka kwance alhali ba kowa a ciki?

Yanzu ka tambayi kanka: gorar da ake sayarwa a TikTok, wane ɓangare na garkuwar take ƙarawa? Sojojin da suka gaji, ko waɗanda suka ci amana? Mai gorar bai sani ba. Bai ma san akwai tambayar ba.

Kada ka ɗauka ina raina wannan sabon magani. Ya yi abin mamaki. Dattawanmu sun san sunan Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka da cibiyarsa ta taya Najeriya yaƙi da kurkunu. A 2015, yana da shekara 90, ya sanar cewa kansar fata ta bazu zuwa hantarsa da ƙwaƙwalwarsa. Aka yi masa tiyata, aka yi gashi, aka ba shi pembrolizumab. Kafin shekarar ta ƙare ya ce hoto bai nuna ciwon ba. Ya rayu har Disambar 2024, ya cika shekara 100. Amma lura da jerin: tiyata, gashi, magani, hoto. Ba gora.

Haka kuma ka tuna labarin da ya karaɗe Facebook a watan Yunin 2022, wai an gano maganin kansa, duk waɗanda aka gwada a kansu sun warke. Ni ma na tura shi a lokacin, ba zan ɓoye ba. Da na koma na karanta sai kunya ta kama ni. Gwajin gaskiya ne, an yi shi a asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York da wani magani mai suna dostarlimab, kuma ƙarin ya ɓace a jikin dukansu. Amma rahoton farko kan mutum 12 ne. Dukansu kansar dubura gare su, kuma ba kowace ba, wani nau'i ne da injin gyaran kurakuran gado ya lalace a cikinsa. Irin wannan ƙarin kan tara kurakurai masu yawa har ya zama baƙo ƙarara a idon sojojin jiki, shi ya sa ɗage birki ke yi masa illa sosai. Ƙaramin kaso ne na masu wannan ciwo ke da wannan nau'in. Duk wannan bayanin ya zube a hanya kafin labarin ya iso wayoyinmu. Gaskiyar da ba ta da daɗin turawa ita ce, mafi yawan masu kansa ba sa amfana da waɗannan magunguna har yau, kuma wanda aka ɗage wa birki yana iya samun kumburin hanji ko huhu ko matsalar maƙoshi, don sojojin da aka saki kan far wa na gida. Garkuwa mai ƙarfi fiye da kima ita ma ciwo ce.

Akwai wani abu a cikin wannan labarin da ya shafe mu kai tsaye. A 2021 likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tare da abokan aikinsu na New York suka wallafa bincike kan kansar hanji a jikin 'yan Najeriya. Sun tarar cewa wancan nau'in mai lalataccen injin gyara, wanda maganin ɗage birki ya fi kamawa, ya fi yawa a marasa lafiyar Najeriya da suka duba, sama da kashi ɗaya cikin huɗu, fiye da abin da aka gani a asibitin New York ɗin. Ka ji ikon Allah. Wataƙila mu ne muka fi dacewa da maganin, kuma mu ne muka fi nisa da shi. A Amurka kuɗin allura ɗaya ta Keytruda, wato pembrolizumab, ya haura dala dubu goma, ana kuma maimaita ta duk mako uku. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne. Manomin albasa sai ya sayar da gonar da rumbun, bai kai ga allura ta biyu ba.

Na san abin da za ka ce. "To tunda na gaskiyar ya fi ƙarfinmu, ka bar talaka ya sha gorarsa mana, ko ba komai ya samu kwanciyar hankali." Na daɗe ina juya wannan maganar, don ba wasa ba ce. Wanda ke zuwa wurin mai gora ba wawa ba ne. Kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, kuɗin gwaji, kwana a barandar asibiti, tsoron a ce za a yanke mama, duk gaskiya ne. Kuma mu mutanen wannan yanki mun ga maganin gida ya yi aiki, har daga nesa ake zuwa Aliero ɗori. Amma karaya ido na ganinta, hannu na taɓa ta, ƙashi kuma da ma yana haɗewa in an daidaita shi. Ciwon daji ba ya jira. Abin da gora ke cinyewa ba kuɗi kaɗai ba ne, watanni ne, kuma watannin nan su ne tazarar da ke tsakanin ƙullin da tiyata za ta cire da wanda ya riga ya bazu. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na 2022 ya nuna sababbin masu ciwon kusan 128,000 a Najeriya, mace-mace kusan 80,000, kansar mama ce kan gaba. Yawancin masu wannan ciwo a ƙasar nan ba maganin dala dubu goma suka rasa ba tun farko. Sun isa asibiti ne a makare, kamar Goggo.

Wani abin haushin kuma, akwai hanyar amfani da garkuwar jiki a kan kansa wadda ke hannunmu, kyauta, kuma mu ɗin nan muke gudunta. Kusan duk kansar bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke haddasa ta. Tun Oktoban 2023 Najeriya ta shigar da rigakafinta cikin alluran gwamnati, aka fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Allurar na koya wa garkuwar yarinya ta gane cutar tun kafin ta zo. Haka rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai, yana rage kansar hanta idan sun girma. Amma me ya faru? A guruf ɗin da ake yaɗa gora saboda Allah, a nan aka yaɗa muryar da ke cewa allurar na hana haihuwa. Wanda ya yarda da gorar da ba a taɓa gwadawa ba, shi ne ke tsoron allurar da aka yi wa miliyoyin yara a duniya tun 2006. Haba jama'a.

Jiharmu ba baƙuwa ba ce a wannan fagen. Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, matar tsohon gwamna, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, an zaɓe ta a 2024 a matsayin shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da kansa ta duniya da ke Geneva. Tunda muryar Kebbi ta kai can, ni abin da zan so mu riƙa tambaya a ƙarƙashin kowane hoton taron wayar da kai shi ne: idan mace daga Maiyama ta ji ƙulli yau, kwana nawa za ta yi kafin a ɗebi tsoka a gaya mata ko mene ne, kuma nawa za ta biya? Binciken Ile-Ife da marasa lafiyar kudu maso yamma aka yi shi. Yaushe za a karanta ƙarin mutanenmu? Ku da ke karatun kimiyyar halittu da kwamfuta a jami'ar Aliero, dubban bayanan irin wannan bincike suna nan a intanet kyauta, rumbun TCGA na Amurka a buɗe yake ga duk mai data da haƙuri. Ba sai an gina muku ɗakin gwaji na biliyoyi za ku fara koyon karanta su ba.

Bidiyon makon jiya dai ban yi shiru ba. Na rubuta a guruf cewa don Allah a daina turo shi, na tambayi wanda ya turo ko ya san sunan mutum ɗaya da likita ya tabbatar yana da kansa, ya sha gorar, likita ya sake dubawa ya ce ta tafi. Wani kawuna ya kira ni ya ce boko ya fara taɓa min kai, in ji tsoron Allah in bar hana mutane neman lafiya. Na ce, "Kawu, Allah ya huci zuciyarka, amma ka tuna Goggo." Ya yi shiru, ya kashe wayar. Bidiyon yana nan ba a goge ba. Ƙanwata mai shekara tara kuwa, ranar Talata zan raka ta asibitin sha-ka-tafi da kaina, Inna ta riga ta amince.