Mai Gyambon Ciki da Azumin Ramadan

Makon nan muna tare da 'yan'uwanmu manoman rani na Kura da Bunkure, waɗanda gyambon ciki ko ƙwannafi ke wahalarwa da azumi.

Maganin nan omeprazole aikinsa rage tsamin da ciki ke fitarwa. A haɗiye shi ɗungurungum, ban da taunawa, kamar minti 30 kafin sahur. Wanda ya jira sai ƙirji ya ɗau zafi ya makara, domin ba ya aiki nan take. Kada kuma a wuce kwana 14 ana sha ba a ga likita ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne mutum ya wuni sunkuye a gonar shinkafa, da dare ya afa diclofenac ko ibuprofen saboda ciwon baya, alhali kuwa su ne ke ƙwaƙule cikin. Sau da yawa ma asalin gyambon wata ƙwayar cuta ce da aka gano a Ostireliya a 1982, wadda omeprazole kaɗai ba ya kashewa.

To, wanda ya yi aman jini, ko ya ga bayan gidansa baƙi kamar kwalta, kada ya ce zai daure. Suratul Baƙara ta yi wa maras lafiya rangwame ya rama, malaman Malikiyya kuwa sun ce idan ya ji tsoron halaka, ajiye azumin wajibi ne. Ya sha ruwa, a kai shi asibiti a ranar.