Doguwar Ƙafa Ba Ta Cike Rami

Duk wanda ya saba tsayawa a bakin titi a manyan garuruwanmu ya san irin motar da nake nufi. Jif ce ko a-kori-kura, Hilux ko Land Cruiser, wadda aka ƙara wa tsayi har sai mai shiga ya kama ƙofa ya yi tsalle. Tayoyinta sun bullo waje, fitilunta kuwa suna daidai da idon mai ƙaramar mota. Idan ka tambayi mai ita dalili, amsarsa ba ta wuce guda: hanyoyinmu sun lalace. Wannan amsa nake so mu tankaɗe mu rairaye, domin a ganina ɗaga ƙafar mota a mafi yawan lokuta neman gira ne da ke ƙarewa da rasa ido, kuma sau da yawa idon na wani ne.

Bari mu fara da abin da ake yi wa motar. Hanyoyi biyu ne. Ko dai a cusa ƙarafa ko roba mai tauri tsakanin jikin mota da ƙashin bayanta, ko kuma a cire sifirin da shokozoba na kamfani a sa waɗanda suka fi su tsawo. Na biyun shi ne kayan da ake sayarwa a kwali guda, daga masana'antun Amurka da Ostireliya da Sin, kuma mafi yawansa yana ɗaga mota inci 2 ne, wato kimanin santimita 5, kodayake akwai mai kai inci 6. A garejinmu kuwa ba kullum ake jiran kwali ba. Bakanike yana iya ƙara ganyen sifirin da ya ciro daga wata mota, ya ɗaure, ya karɓi kuɗinsa.

Abin da mai sayarwa ba ya faɗi shi ne, ɗagin ba ya taɓa wurin da ya fi kusa da ƙasa. A tsakiyar aksul ɗin baya akwai dunƙulen ƙarfe mai kama da tulu, wanda ke raba wa tayoyi ƙarfin inji. Tsayin wannan tulu daga ƙasa girman taya ne kaɗai ke yanke shi. Ko an ɗaga jikin mota har ya kai rufin soro, tulun yana nan inda yake, kuma dutsen da zai fasa shi jiya zai fasa shi yau. Saboda haka sai a sayi manyan tayoyi, su kuma su zo da nasu lissafin: birki ya ƙara nisa kafin mota ta tsaya, shan mai ya ƙaru, agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da gudun da ake yi. A gaban Hilux na zamani kuma, shaf ɗin da ke juya tayoyi yana komawa aiki a karkace, sai robarsa ta yage, gaɓarsa ta cinye tun kwananta bai ƙare ba.

Duk wannan asarar aljihu ce, kuma mai kuɗi yana da ikon ɓarnatar da kuɗinsa. Inda maganar ta zama ta rai shi ne wajen kifewa. Yarinyar da ta taɓa ɗaukar tulu a ka ta san cewa kaya idan ya yi sama, ɗan tuntuɓe ya isa ya zubar da shi. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka da wannan hikimar take auna motoci: ana raba faɗin da ke tsakanin tayoyin hagu da na dama da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyin mota. A ɗauki misalin mota mai faɗin mita 1.6 wadda cibiyar nauyinta ke santimita 70 daga ƙasa; sakamakonta 1.14 ne. A ɗaga cibiyar da santimita 10 kacal, sai ya sauko zuwa 1.0, kuma duk saukar da ya yi, motar ta ƙara kusantar kifewa ke nan. Kada a manta cewa a shekarar 2016 mujallar Teknikens Värld ta ƙasar Suwidin ta gwada sabuwar Hilux, wadda ba a taɓa ƙafarta ba, a gwajin kauce wa dabba a kan hanya, sai tayoyinta biyu suka tashi daga ƙasa a gudun kilomita 60 a awa. Idan haka ta faru da wadda injiniyoyi suka auna, ina ga wadda aka ɗaga a ƙarƙashin bishiya, aka kuma loda wa mutane da buhuna? Titunanmu kuwa ba su rasa abin kaucewa ba, daga akuya zuwa ɗan acaɓa.

Sai kuma wanda bai saya ba, bai hau ba, amma shi ke biya. Bambar mota an yi ta ne don ta haɗu da bambar 'yar'uwarta idan aka yi karo. Motar da aka ɗaga tana haye wannan kariya ta daki gilashi, inda kawunan mutane suke. Mai tafiya a ƙasa ma haka: ƙaramar mota takan buge shi a ƙafa, doguwa kuwa a ƙirji. Binciken da cibiyar IIHS ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna cewa motocin da tsayin gabansu ya haura inci 40 sun fi masu inci 30 ko ƙasa da haka kashe mai tafiya a ƙasa da kimanin kashi 45 cikin 100. Yaron makaranta da ya gifta gaban irin wannan mota, direba ba zai ma gan shi ba.

Za a ce mini, ai akwai masu buƙata ta gaskiya. Na yarda. Direban kat-kat da ke ratsa yashi daga Agadez zuwa Dirku, da mai kai magani ƙauye a tsakiyar damina, ba ado suke yi ba. Amma a lura da su da kyau. Gwanin sahara idan ya shiga rairayi iskar taya yake ragewa, abin da yake nema a ƙafar motarsa kuwa ƙarfin ɗaukar kaya ne, domin ya san doguwar mota a gefen tudun yashi kabari ce. Ɗan ɗagi da aka auna, aka daidaita birki da fitilu a bayansa, ba shi nake yaƙa ba. A Ostireliya, inda wannan sana'a ta bunƙasa, ƙa'idar da aka fi bi ita ce ɗagin ƙafa da ya wuce milimita 50 sai injiniya ya duba ya sa hannu. Ashe waɗanda suka ƙera kayan ma sun san yana da iyaka.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne darasin da doguwar mota ke koyarwa. Masu iya sayen ta su ne masu murya: 'yan siyasa, 'yan kwangila, manyan ma'aikata, wato mutanen da idan suka buga tebur za a cike rami. Maimakon haka sai suka haye samansa, kamar yadda suka sayi janareta suka bar mu da duhu, suka haƙa rijiyar burtsatse suka bar famfo a bushe. Ramin yana nan yana jiran mai Keke Napep da mace mai naƙuda a bayan tasi.

Don haka ina kira ga hukumar FRSC da jami'an duba lafiyar motoci da su sa iyaka bayyananniya ga tsayin bamba da na fitila, su kuma riƙa aunawa kafin sabunta takardu. Ƙungiyoyin bakanikai su hana 'ya'yansu ɗagin da ba a auna ba. Shi kuwa mai motar, idan da gaske hanya ce ta dame shi, ya san ofishin da ake kai kukan hanya, kuma shi za a buɗe wa ƙofa kafin a buɗe wa talaka.