Kafin a Ɗauko Injin Beljiyam daga Ƙofar Ruwa zuwa Achika

A Achika, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Wudil, mota ɗaya aikin gida goma take yi. Ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ke kwasar 'yan ɗaurin aure, ranar Juma'a kuma a danna mata buhuna a nufi kasuwar Wudil. Da wuya a ga wadda aka saya sabuwa dal. Yawancinsu sun ci shekara goma ko fiye a Amurka ko Turai kafin su sauka Legas ko Kwatano, suka ƙara wasu shekarun a hannun wani ma'aikaci a Kano, sannan suka gangaro ƙauye. Don haka duk mai mota ya san ranar sauya inji tana nan tafe.

Idan ranar ta zo, sai a ɗauki bakanike a nufi Ƙofar Ruwa. Cinikin kusan kullum iri ɗaya ne.

"Oga, injin Muscle muke nema."

"Akwai, Alhaji. Beljiyam ne, bai daɗe da sauka ba. Buɗe ka gani, ko mansa bai yi baƙi ba."

Bakanike ya kwance murfin baƙin mai, ya zura yatsa, ya shinshina, ya sa sifana ya juya karanshaf sau biyu, ya gyaɗa kai. Shi ke nan, an ƙirga kuɗin da wani manomi sai ya sayar da amfanin damina guda kafin ya haɗa su. Alhali mutumin nan da ya biya, in a karar Wudil yake, ba zai sayi sa ba sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora.

Matsalar ita ce babu wani abu guda ɗaya da ake kira injin Muscle. Camry ɗin da 'yan Najeriya suka laƙaba wa wannan suna, wato ta 2007 zuwa 2011, ta fito da injin fetur har iri huɗu a kasuwar Amurka. Daga 2007 zuwa 2009 akwai 2AZ-FE mai lita 2.4. Daga 2010 aka koma 2AR-FE mai lita 2.5, wanda ke tafiya da giyabos mai giya shida maimakon biyar. Ga 2GR-FE mai silinda shida da lita 3.5, ga kuma 2AZ-FXE na motar da ke haɗa fetur da batir. Jiki ɗaya, fitila kusan ɗaya, amma abin da ke ƙarƙashin bonet ya bambanta, kuma birenbos ɗin kowace mota, wato kwamfutarta, nata injin kawai ya sani.

Ko a cikin gida ɗaya akwai tarko. Injin 1AZ mai lita 2.0 da 2AZ mai lita 2.4 in an ajiye su a ƙasa sai mai lura ne zai raba su, domin siffarsu ɗaya ce. Lambar da aka buga a jikin bulok ce ke faɗin gaskiya. Wanda kuma lambarsa ta ƙare da FSE, irin wanda ke zuwa a Avensis daga Turai, yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda da matsi mai ƙarfi, yana buƙatar famfonsa da nozul ɗinsa da wayarin ɗinsa na daban. Shi kansa 2AZ-FE an sa shi a Camry da RAV4 da Highlander da Previa, kuma daga mota zuwa mota ana samun bambanci a manifol, da sensa, da wurin ɗaure shi. Bakaniken da ya san aikinsa yakan ɗauki gangar injin kawai, ya mayar da manifol da sensa da wayarin na motar asali. Wanda bai sani ba sai ya kira mai wayarin, a yi ta yanka ana haɗawa da salatif, fitilar gargaɗi ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa. Daga ƙarshe a cire ƙwan fitilar, a ce an gyara.

Sai batun aminci, inda sunan Toyota ya zama kamar rantsuwa a bakin direbobi. Gaskiya ne kamfanin ya yi injuna masu jure wahala. Camry mai siririyar fitila ta 1997 zuwa 2001 tana ɗauke da 5S-FE mai lita 2.2, bulok na baƙin ƙarfe, wanda ko bel ɗin taimin ya tsinke fistin ba ya dukan bawul. A sauya bel a ci gaba da tafiya. Amma magajinsa 2AZ-FE bulok ɗinsa na alminiyam ne, kuma an san shi da lalura biyu. A na farkon, irin na Camry Big Daddy ta 2002 zuwa 2006, in inji ya yi zafi fiye da kima, zaren ramukan da ake ɗaure tof silinda yakan saki, ruwa ya riƙa zurarewa ta bayan inji, a sauya gasket sau nawa ba zai zauna ba sai an gyara ramukan. A na 2007 zuwa 2009 kuma fistin da ringi ne ke barin baƙin mai yana ƙonewa. Kamfanin da kansa ya amsa wannan: ya fitar da takardar gyara ga garejinsa a 2011, daga baya ya tsawaita garanti a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Ma'aunin da ya sa shi ne inji ya sha kusan lita ɗaya a mil 1,200, kimanin kilomita 1,900, wato kamar zuwa Legas daga Kano da dawowa.

Wannan garanti bai tsallako teku ba, kuma wa'adinsa ya wuce tuni. Wasu injunan an sauya musu fistin a can, wasu ba a taɓa su ba, kuma yatsan bakanike ba zai iya bambancewa ba. Mai motar da ya san haka zai riƙa zaro sandar auna mai duk sati. Wanda ya dogara da suna sai ya jira ranar juye, inji mai cin kusan lita huɗu ya wayi gari da ɗaya a ciki, ya buga a kan hanyar Maiduguri.

Abin da ake yi wa injin bayan an ɗora shi ya fi duk wannan ɓarna, kuma a nan ne ya kamata a yi magana ba tare da kara ba. Da zarar mota ta shigo gareji, abu na farko shi ne cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne, sannan a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa tun daga tayar da mota. An ƙera injin ne ya yi aiki a wani zafi ƙayyadadde, tamostat ɗin yana buɗewa a wajen digiri 82. In babu shi, da safiyar hunturu inji yakan daɗe bai ɗumama ba, birenbos ya ɗauka har yanzu ana cikin sanyi, ya ci gaba da ƙara fetur. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda, ringi ya ci. Lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba ana iya kawar da kai. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, tamostat ɗin nan da ake jefarwa a kwandon gareji ya zama maganar abincin gida.

Haka baƙin mai. A murfin injin an rubuta 5W-30 ko 5W-20, amma abin da ake ɗura masa 20W-50 ne mai kauri, alhali na'urar VVT-i da ke daidaita buɗewar bawul da matsin mai take aiki, ta ƙananan hanyoyi masu 'yar rariya.

Sai dai a yi wa bakanike adalci. Bai ƙirƙiro waɗannan ɗabi'u don mugunta ba. Zafin Afrilu a ƙasar Kano yana haura digiri 40. Ruwan rijiya da ake zubawa a lagireto yana kawo tsatsa da dasashi, tamostat ya maƙale a rufe, inji ya tafasa. Wanda ya ga haka sau biyu zai yanke cewa tamostat ne abokin gaba, alhali ruwan ne. Tsohon inji da ya saki kuwa mai kauri yana rage masa hayaƙi da ƙara na ɗan lokaci, mai mota ya tafi yana godiya. Ga jabun mai a galan mai kyan gani, ga fetur ɗin 'yan bumburutu a jarka. Ko na gidan mai bai tsira ba: a Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Antwerp, aka janye shi, layuka suka dawo. Kuma yawancin manyan garejin yau a kan Peugeot 504 da 505 na masana'antar Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, iyayen gidansu suka koyi aiki. Injin kafireto ne da ke yafe kusan komai.

Abin sha'awa, masu gyaran Peugeot ɗin ne suka nuna cewa sayayya da lamba ba ta fi ƙarfin kowa ba. Yaron gareji da bai gama firamare ba zai tambayi mai 406, "Alhaji, EW10 ce ko EW12?" kafin ya taɓa sifana, domin ya san kayan wannan ba sa hawa wancan. Babu dalilin da zai hana a yi wa Camry da Honda Accord irin wannan tambaya.

Abin da ake buƙata ba mai tsada ba ne. Duk motar da aka sayar a Amurka tun daga 1996 tana da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar karanta matsala, kuma yanzu akwai ƙananan da ke aiki da wayar hannu. Ma'aunin matsin silinda shi ma ɗan ƙaramin abu ne, cikin minti kaɗan zai nuna ko ringi ya mutu, tun kwanakin garantin da mai shago ya bayar ba su ƙare ba. Wudil kuwa tana da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, da sashen injiniyan injuna a cikinta. Kwas na ƙarshen mako da Hausa, tare da ƙungiyar makanikai ta NATA, kan karanta lambar inji, auna matsi da amfani da na'urar bincike, zai amfani mazaɓun Achika da Darki da Lajawa da Utai fiye da taron lacca goma.

Shi kuma mai saye, kafin a ɗora inji a a-kori-kura, ya sa mai shago ya rubuta abu uku a rasit: lambar nau'in injin, lambar da aka buga a bulok, da ranar da garanti zai ƙare. In shekararsa ba ta zo ɗaya da ta motar ba, a rubuta wannan ma, a kuma yi magana tun a shago kan wanda zai biya kuɗin saukewa in bai hau ba. Rasit ɗin zai sake amfani a ofishin lasisi, domin takardun mota suna ɗauke da lambar tsohon inji, kuma ya kamata a je a gyara su kafin wani jami'i ya buɗe bonet a shingen hanyar Kano ya tarar lambobin ba su zo ɗaya ba.