Wazirin Littattafan Yaƙi Ya Rasa Dalilin Cin Amana

Littattafan yaƙi suna da kasuwa a yankinmu na Magarya da Dungas. A da daga Kano ake shigo da su ta Ɓaɓura da Maigatari, yau kuwa waya ta sauƙaƙa, sai ka tarar da tela ko mai shayi ya kunna yana saurare ana karanta masa, littafi na ɗaya har na goma. Sunan Abdul'aziz Sani Madakin Gini ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taso da irin wannan karatu. Ni ma ina cikin masu bi, kuma ba na raina aikin. Riƙe mai karatu da takobin sihiri da aljani mai kai bakwai har ya manta da abincin dare ba ƙaramar baiwa ba ce.

Abin da ke damuna shi ne fada. Da zarar labari ya baro dajin aljanu ya shigo zauren sarki, sai ya yi sanyi. A yawancin waɗanda na karanta ko na saurara, waziri mugu ne tun daga shafin farko. Yana son kashe yarima, yana zuwa wurin boka da tsakar dare, yana ƙyaƙyata dariyar mugunta. Don me? Ba a faɗa. Mugu ne kawai, kamar yadda barkono yake da yaji. Sarkin ma ko dai adali ne da bai taɓa kuskure ba, ko azzalumi mai bautar gunki da ke jiran jarumi ya zo ya sare masa kai. Kishiyar uwar yarima kuwa ba ta da wani aiki sai zuba guba a abinci.

Za a ce ai tatsuniya ce, wa ke neman dalili a wurin Gizo? Ban yarda ba. Shi kansa Gizo yunwa da kwaɗayi ne ke tura shi, kuma yaro ma ya san haka. Sannan ga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito tun 1937. Akwai aku mai magana a ciki, babu wanda zai ce tarihi ne. Amma wazirin Sarki Abdurrahman yana da dalili. Sarki ya daɗe ba shi da ɗa namiji, waziri ya sa rai da gadon sarauta, sai aka haifi Musa. Mutumin da ya yi shekaru yana lissafi, rana ɗaya jariri ya rushe masa komai. Shi ya sa haɗa bakinsa da Sarkin Sinari bai zo wa mai karatu da mamaki ba. Ba ka goyon bayansa, amma ka gane inda ƙafarsa ta zame, kuma tsoronka ga Musa ya ƙaru saboda ka san wannan mutum ba zai haƙura ba.

Abin takaicin shi ne, marubucin da ke neman irin waɗannan dalilai ba sai ya je birnin Kisra ko Misra ba. Suna nan a ƙofar gidanmu.

Ɗauki gidan sarautar Daura. Lokacin jihadi, wajen 1805, aka fitar da Sarkin Gwari Abdu daga birninsa, Malam Isiyaku ya zauna. Zuriyarsa ta watsu, daga baya rassanta suka kafu a Zango da Ɓaure da nan Magarya. 'Yan gida ɗaya ne, kowa na ganin shi ne magajin gaskiya, kuma babu wanda ke da ƙarfin komawa Daura shi kaɗai. A arewa ga Damagaram, wadda a zamanin Tanimu ta yi ganuwa, ta tara bindigogi har da igwa, ta mamaye ƙasashen Sosebaki irin su Dungas da Wacha da Mirya. To ka sa kanka a matsayin ɗan sarki a wannan hali. In ka nemi taimakon Damagaram, ka zama yaronta. In ka ƙi, ɗan'uwanka zai riga ka zuwa, ya dawo da rawani da mahaya. Wanda ya fara kai gaisuwa, maci amana ne ko mai hangen nesa? Wannan tambaya kaɗai ta isa ta ɗauki littafi biyar, ko da an ƙara mata aljanu da zoben sihiri. Ƙarshen labarin ma babu marubucin da zai ƙirƙiro shi: Turawan Ingila ne suka mayar da gidan Daura a 1906 ta hannun Malam Musa, iyaka kuma ta ratsa tsakanin dangi, Zango da Ɓaure a Nijeriya, Magarya a Nijar.

Ko kuma Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga. A 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju na Faransa a Zinder. A littafin yaƙi da an gama magana: ko a ce sarki jarumi ne, ko a ce mugu ne ya kashe baƙo. Amma Bafaranshen kan hanyarsa ta zuwa wurin Rabe yake, Raben da ya ci Borno a 1893, kuma Damagaram ta daɗe a ƙarƙashin inuwar Borno. Sarkin da ya ga baƙo mai bindiga zai je ya gana da babban abin tsoronsa, me zai yi? Ya yanke shawara, shekara ɗaya bayan nan Faransawa suka zo, aka yi karon Tirmini a 1899, ya rasa gari, daga baya ya rasa ransa. Tsoro ne mai hujja ya kai shi ga abin da ya hallaka shi.

Ban ce a daina rubuta aljanu a koma darasin tarihi ba. Kuma na san akwai abin da ke hana marubuci taɓa waɗannan labarai da sunayensu. Jikokin mutanen nan suna raye, wasu na kan gadon sarauta, kuma rigimar rawani ba ta mutu ba. A Zinder an tuɓe Sarki Abubakar Sanda a 2001, aka mayar da shi a 2011. Kano ta ga nata a 2020 da 2024. Ai nan ne amfanin ƙagaggen birni yake. Ka canza suna, ka kai labarin bayan teku bakwai, babu mai kai ka ƙara fada. Abin da za ka ɗauka daga gida shi ne lissafin da ke cikin zuciyar mutanen.

Mutumin da na fi son in ga an rubuta shi ne irin Ballama. A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Ahmadu ɗan Basa da shirya musu tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi gudun hijira, suka ɗora Ballama, bawan fada, ya riƙe gari. Sai a 1923 sarauta ta koma gidanta. Andre Salifu ya yi rubutu a kan wannan lamari da Faransanci, amma mai sauraron littafi a tashar Magarya bai same shi da Hausa ba. Ga bawa wanda ya san kowane lungu na fada, ya san sirrin kowa, ba shi da damar gado ko da a mafarki, sai ga baƙi sun zo da za su iya ba shi abin da gidan ba zai taɓa ba shi ba. Kuma kullum da safe 'ya'yan sarkin da ya yi wa bauta ne za su zo su gaishe shi.